Wa Zai Haƙa wa Farfesa?

"Bi a hankali, Attracta, kunne ɗaya ne ya rage mini mai ji."

"To rufe bakinka. Shekara arba'in kana zuba, wa ya ƙaru?"

Malachy Heneghan ya miƙa mata haɓa. Attracta Durkan, maƙwabciyarsa da katanga ɗaya ta raba su, ta ci gaba da jan reza a kan fatar da ta saki kamar tsohuwar jaka. Tun farkon Nuwamba da likita ya sallamo shi gida, ya ce abin da ke hantarsa ya fi ƙarfin wuƙa, ita ke shigowa kowace safiya ta ƙofar baya, ta hura wuta, ta gyara shi. An sauko masa da gado falo, tsakanin littattafansa, don hawa bene ya gagara.

Ƙarfe goma ta yi, rediyon da ke kan taga ya fara jero sunayen waɗanda suka rasu a yankin, da inda za a zauna makoki, da ranar binnewa. Duk gidan da ke Kilbrackan ana sauraron wannan sanarwa, har da gidajen da ba sa sauraron Fada a coci. Malachy ya ɗaga yatsa alamar ta dakata.

"Tsoho Feeney. Wa ya haƙa masa kabari?"

"Wa kuwa? Packie Tansey da mutanensa."

"Da hannu?"

"A'a, da cokali."

Bai yi dariya ba. Ya zuba wa rufin ɗaki ido har ta gama share masa kumfa, sannan ya ce, "Kusa da mahaifina nake so, a tsohuwar maƙabarta. Na gaya wa 'yata Sorcha ta waya, ta ce za ta yi magana da Gilhooly mai shirya jana'iza, yana da mai katafila."

"To ai shi ke nan."

"Ba shi ke nan ba." Ya yi tari, ta tallafo masa kai. "Mahaifina ya haƙa wa mutum tamanin da wani abu a garin nan. Ranar da ya mutu maza goma sha ɗaya suka yi rigima a kan shebur. Ban taɓa ganin an kai wa ɗan Kilbrackan inji ba, sai baƙon nan Bajamushe da ya nutse a tafki. Attracta, ki je wurin Packie."

Ta wanke rezar a kwano, ta daɗe tana wankewa.

Mutane suna cewa mutuwa tana wanke laifi. Wanda ya faɗi haka bai zauna a ƙaramin gari ba. A Kilbrackan dangi ba sa haƙa wa nasu kabari, maƙwabta ke yi, ba a roƙonsu, ba a biyansu, sai dai a kai musu shayi da burodi da kwalbar wuski. Da an ji mutum ya cika, washegari da sassafe za ka ga maza biyar ko shida sun nufi maƙabarta da diga da shebur a kafaɗa. Idan ba su fito ba, gari ya faɗi abin da zai faɗa game da kai ke nan, kuma babu ɗaukaka ƙara.

Malachy ɗan mai tumaki ne daga bayan tudu. Ƙwaƙwalwa ta kai shi Dublin, ya zama farfesan tattalin arziki, har jam'iyya ta ga ya dace da hoton bango. Sau biyu aka zaɓe shi majalisa, aka ba shi ƙaramar kujera a harkar lafiya. Shi ya rubuta rahoton da ya ce ƙananan asibitoci suna kashe mutane fiye da yadda suke ceto, kuma shi ya ɗaga hannu aka rufe na Kilbrackan, inda Attracta ta yi aikin nas shekara ashirin da shida. Amma kada a ce wannan ne ya kayar da shi. An yi 'yan majalisar da suka rufe abin da ya fi asibiti, aka sake zaɓensu da rinjaye. Abin da ya kayar da Malachy shi ne ba ya zuwa jana'iza. Wanda ya riga shi zama a kujerar yakan halarci uku a yini ɗaya, ya gaisa da kowa, ya tambayi lafiyar saniya da sunanta. Malachy ya kira wannan cinikin ƙuri'a a kan gawa, ya ce shi dokoki aka aike shi yi. Wataƙila gaskiyarsa ce. Wata huɗu bayan rufe asibitin, zuciya ta buga wa Nuala, matar Packie Tansey, ta cika a cikin motar asibiti, saura mil goma sha biyu a isa birni. Gari kaf ya fito. Ɗan majalisarsu ya aiko da wasiƙa.

Attracta ta tarar da Packie a rumfar tumaki, ya kwantar da wata tunkiya a tsakanin ƙafafunsa yana yanke mata kofato. Shekararsa saba'in da ɗaya, amma har yanzu shi ke fara sara ƙasa a kowane kabari, kuma inda ya sa ƙafa nan sauran suke sawa.

"Nas Durkan! Allura kika kawo mini?"

"Da na kawo, da ka gudu bayan garke kamar wancan karon."

"Ke ma kin san hannunki ba na mutane ba ne." Ya saki tunkiyar, ta miƙe ta ruga. "Yaya mai jikin?"

"Ba zai ga Kirsimeti ba. Ba na jin zai ga Lahadi biyu."

"Allah ya sawwaƙe masa." Ya faɗa da gaske, har ya taɓa hularsa. Sai ya jawo wata tunkiyar.

"Packie, ya ce in zo wurinka."

"Na sani. Tun da na hango motarki a kan gada na sani." Almakashin ya yi ƙara. "Kin taɓa ganin wasiƙar? Shafi uku, da inji aka buga. Layi biyu na gaisuwa, sauran duk lissafi. Mutum nawa cikin ɗari ke rayuwa in an kai su babban asibiti, mutum nawa in an kai su ƙarami. Har da zane, Attracta. Ina zaune a kicin, takalman Nuala suna bakin ƙofa, ina karanta zane."

"Wawa ne. Amma ba mugu ba ne."

"Ban ce mugu ba ne. Zan zo makoki, zan gaisa da 'yarsa, zan yi masa addu'a a coci. Shebur ne ba zan ɗauka ba."

"Mahaifinsa ya haƙa wa naka."

Nan ya ɗago. "Ya haƙa. Ni kuma na haƙa wa mahaifinsa, ina cikin goma sha ɗayan nan. Tsakanina da tsohon mun rabu lafiya."

Ta biya ta gidan 'yan Lavelle, ta biya ta gidan Josie Cawley, masu haƙa tare da Packie. Ɗaya bayansa ke ciwo, ɗaya zai kai shanu kasuwa a ranar da ba wanda ya san ta tukuna. Kowa ya ba ta shayi.

Da ta dawo da azahar, ta tsaya a ƙofar baya tana shirya ƙarya. Me zai rage? Mutumin da ba zai ga kabarinsa ba, a ce masa Packie ya yarda, ya tafi da farin ciki. Ta sha gaya wa majinyata abin da ya fi wannan. Amma tana shiga ya kalli fuskarta sau ɗaya ya ce, "Ya ƙi."

"Ya ƙi."

"Miƙo mini takarda da alƙalami."

"Wata wasiƙar? Malachy, duk digirorin nan naka ba wanda ya zo da hankali a ciki?"

Ya rufe ido. Ta ɗauka barci ya yi, har ta fara kwashe kwanuka. Sai ta ji ya ce, "To ciro mini kwat ɗina, mai ruwan toka. Gobe ki kai ni."

Washegari sai da suka yi kusan awa kafin ya kai mota. Kwat ɗin da ya sa ya yi jawabi a majalisa yanzu ya zama kamar an rataye shi a ƙusa. Ta lulluɓe masa ƙafafu da bargo, ta ja motar a hankali, tana kauce wa kowane rami, shi kuwa yana cije leɓe. Yayyafi ake yi. Suka wuce shagon Gilhooly, mai sayar da giya ta gaba, akwatin gawa ta baya. Suka wuce tsohon asibitin, wanda yanzu ofishin yawon buɗe ido ne da ake buɗewa wata uku a shekara. Bai juya ya kalle shi ba.

A ƙofar gidan Packie ya gwada fitowa, ƙafa ta ƙi. Attracta ta danna oda. Packie ya fito daga rumfa yana goge hannu a wando, ya tsaya, ya daɗe a tsaye, sannan ya tako har gefen taga. Ta sauke gilashin.

"Farfesa."

"Packie." Malachy ya fito da hannu daga cikin bargo. "Na zo maka gaisuwar Nuala. Allah ya jiƙanta. Ya ba ka haƙuri."

Packie ya kalli hannun. "Shekara ashirin da biyu. Lallai hanyar Dublin da nisa."

"Da nisa."

Packie ya karɓi hannun. Attracta ta ga yadda ya riƙe shi a hankali, kamar ɗan tsako, ta ɗan sa rai.

"Na gode," in ji Packie. Ruwa yana ɗiga daga bakin hularsa. "Tun da ka zo har nan, faɗa mini abu ɗaya. Ka yi kuskure?"

"Na yi. Ya kamata in zo ranar. In tsaya a layi kamar kowa."

"Ba wannan ba. Asibitin."

Attracta ta damƙe sitiyari. Ƙarya ɗaya tak, ta ce a ranta, ɗaya, ɗan siyasa yana yin goma kafin ya karya kumallo. Ka ce e, tsohon banza, ka ce e mu tafi gida.

Malachy ya dubi Packie. Idonsa ya kawo ruwa.

"Ba zan iya ba, Packie. Na sake duba lissafin, ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Da an bar shi a buɗe, da waɗanda aka binne sun fi haka. Ita ma Nuala, ko da an kai ta can..."

"Kar ka kama sunanta da lissafi." Packie bai ɗaga murya ba. Ya saki hannun, ya sunkuyo ya leƙo ta ɗaya gefen. "Ke fa, Nas? Ke kika yi aiki a ciki. Da yana buɗe, da ta rayu?"

Ta san amsar. Tun ranar ta san ta. Asibitin nasu ba shi da na'urar da ake bukata, likitan da ke kwana kuwa sabon fitowa ne, da Nuala ta mutu a kan gadonsu maimakon kan hanya, bambancin ke nan. Shekara ashirin da biyu ba ta faɗa wa kowa ba. Da farko don ita ma tana jin haushin aikinta da aka raba ta da shi, daga baya don ta ga gari ya riga ya zaɓi labarin da zai riƙe.

Maza biyu suna kallonta.

"Ni yau direba ce," in ji ta.

Packie ya gyaɗa kai, kamar ya ji abin da yake jira. Ya miƙe.

"Na karɓi gaisuwarka, Malachy, har ga Allah. Kai shi gida, Attracta, sanyi zai kama shi."

Suka haye gada. Abin share gilashi yana kai da komowa.

"Kin sani," in ji Malachy.

"Na sani."

"Me ya hana ki?"

"Kai tafiya za ka yi. Ni a garin nan zan ci gaba da sayen madara." Ta canja giya da ƙarfi. "Kuma ni ma wata rana sai an haƙa mini."

Ta jira ya yi mata faɗa, ya kira ta matsoraciya, ya kawo mata sunan wani masani. Sai ya ce, "Lissafinki daidai ne." Bai sake tayar da maganar ba.

Ya cika ranar Juma'a da la'asar, Fada ya riga ya zo ya tafi. Babu wata magana ta ƙarshe. Ya nemi ruwa, ta juya ta ɗauko kofi, ta juyo ta tarar ya gama. Ta rufe masa ido, ta buɗe taga, ta tsayar da agogon bango, ta rufe madubi da tawul, yadda al'adar garin take, hannunta yana yin aikin da kansa.

Sorcha ta iso daga Brussels ranar Asabar, da ƙaramar jaka mai taya da idanu jajaye. Mace ce mai kirki, mai kan uban. Da Attracta ta yi mata bayani a kicin, sai ta ce, "Anti, rami ai rami ne. Baba bai yarda da irin waɗannan abubuwan ba."

"Haka ya gaya miki?"

"Ya rubuta ma, a littafinsa na biyu."

"To," in ji Attracta, ta ci gaba da yanka burodi.

Makoki ya cika maƙil, kada a ce Kilbrackan ba ta san ya kamata ba. An shimfiɗe shi a falo, mutane suna shiga ta gaba suna fita ta baya. An zo daga jami'a, an zo daga jam'iyya cikin baƙaƙen motoci, wani matashin ɗan majalisa ya gaisa da kowa har da mai kawo madara, ya ce ƙasa ta yi rashin gwarzo, ya dubi agogo, don akwai wata gawar a gaba. 'Yan Lavelle sun zo, Josie Cawley ya zo, bayansa garau. Packie ya zo cikin kwat ɗinsa na coci, ya durƙusa gaban akwatin ya yi addu'a mai tsawo, ya riƙe hannun Sorcha ya ce, "Allah ya ba ki haƙuri, 'yar nan." Ya sha shayi kofi biyu. Attracta ta bi shi da ido har ƙofa. A irin wannan wurin ne ake jin wani ya ce wa wani, "Gobe ƙarfe bakwai ke nan," a gyaɗa kai. Ta kasa kunne yini guda. An yi hirar farashin tumaki, an yi ta ƙwallo, an yi ta ruwan sama.

Gilhooly ya same ta wajen famfo. "Na ce wa mai katafilar ya zo Litinin ƙarfe tara. Sai an ɗan cire duwatsu biyu-uku daga katangar maƙabartar, ƙofar ba za ta ci injin ba."

"Ka ce masa goma."

"Attracta..."

"Goma, Gilhooly. Me awa ɗaya za ta ci maka?"

Litinin ƙarfe bakwai tana tsohuwar maƙabarta. Ta zo da kwando: shayi a fulas biyu, burodi da naman alade, kofuna shida, da kwalbar wuski da ta ciro daga kabad ɗin Malachy. Ta zauna a kan katanga inda take hango hanya duka biyu. Gari ya waye a hankali, fari-fari. Motar madara ta wuce. Can wajen takwas ta ji ƙarar tarakta daga wajen gada, ta miƙe tsaye, ta gyara ɗankwali. Taraktar ta zo mararraba, ta karya hagu, ta nufi gona da damin ciyawa a bayanta.

Ƙarfe goma saura kwata babbar mota ta tsaya da ƙaramar katafila a baya. Direban mutumin wata gunduma ne, bai san wanda ya mutu ba.

"Ina ne wurin, Mama?"

Ta nuna masa, gefen dutsen da aka rubuta sunan tsoho Heneghan.

"Wani babba ne, ko? An ce a jarida ya fito."

"Maƙwabcina ne."

Ya ture duwatsun katangar da ƙafa, ya shigo da injin ta kan ciyawa, yana lanƙwasa tsakanin kaburbura. Aikin da maza shida ke yi daga safe zuwa azahar, suna hutawa suna ba da labarin mamaci, ƙarya da gaskiya, ya gama shi cikin minti ashirin da biyar. Ya kashe injin, ya sauko, ya leƙa, ya ce ƙasar nan da daɗin haƙa.

Ta miƙa masa kwalbar.

"Kai, a'a, Mama, tuƙi nake. Akwai magudanar ruwa da zan haƙa kafin sha biyu." Ya karɓi burodi ɗaya don kada ta ji kunya, ya ci a tsaye, ya mayar da injinsa kan mota.

Da ƙarar ta ɓace, ta matso bakin ramin. Gefensa a miƙe, sumul, kamar an yanka da wuƙa. Ba shebur ko ɗaya da za a gicciye a kai, yadda ake yi kafin gawa ta iso. Ta duba ko'ina, ta samo sanduna biyu a gindin ƙaya, ta gwada, suka yi gajere, ɗaya ya faɗa ciki.

Ta koma kan katanga, wajen da aka ture, ta zuba wa kanta shayi, ta riƙe kofin da hannu biyu ba ta sha ba. Yayyafi ya dawo. Sawun injin, layi biyu, ya ratsa ciyawar daga katanga har zuwa ramin, ruwa yana taruwa a ciki kaɗan-kaɗan.